Tafiyar Injiniya: Shafi na 17

Jama'a, na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban saki shafi yau ba za ta biyo ni wurin aiki da tabarmarta. Ki yi zamanki, ga shi nan. Ga wanda yau ya shigo mana: Malama da ƙannenta sun haɗa kai za su kai mahaifinsu, Injiniya, yawon buɗe ido ƙasar da ya yi karatu yana saurayi, don murnar ajiye aiki. Umma ta ce ita da jirgin sama sai dai kallo, sai aka ba Baffa, ƙanin Abba, kujerarta. Tun daga ranar Abba ya fara zulle-zulle.

*

Tun hantsi teburin cin abinci ya koma ofis. Malama ta ture kwanuka gefe, ta kafa kwamfuta da 'yar firinta, ta baje takardu. Saura kwana ashirin da uku a tashi.

Tsarin kwana shida ta yi, da jan biro da shuɗi, kamar jadawalin darasin da take liƙawa a aji. Ranar farko hutu a otal. Ta biyu lambun nan mai manyan bishiyoyin ƙarfe. Ta uku motar da ke rataye a waya tana ƙetare ruwa. Ta huɗu kuwa sau biyu ta zagaye ta da ja: makarantar koyon injin jirgin ruwa, inda Abba ya yi shekara biyu.

Ƙasar can take a kudu maso gabashin Asiya, duk faɗinta gari ɗaya ce, ruwa ya kewaye ta. Da labarinta aka raine su. In yaro ya yar da takarda a tsakar gida, Abba zai ce, “Da a can ne, da tuni an ci ka tara.”

Wata guda ke nan da ta rubuta wa makarantar a ɓoye, tana roƙon a bar su su shiga, tsohon ɗalibi ya ga ajinsa. Yau amsa ta iso. Sun ce suna maraba, har suka haɗo da kwafin tsohon fayil ɗinsa, wai tsaraba.

Ta danna, firinta ta fara aman takardu.

Shafi na uku ne ya fara faɗowa. Katin ɗalibi, da hoton Abba yana ɗan siriri, wuyan riga ya yi masa yawa. Ta yi dariya ita kaɗai.

Sai na farko ya fito. Fom ɗin neman gurbi, wanda aka cika a nan gida kafin jarrabawa. Suna ɗaya da na katin, ranar haihuwa ɗaya. Amma saurayin da ke hoton yana da tabon da ya raba girarsa ta hagu biyu.

Ta san tabon nan. Kullum da safe tana ganinsa in ta tsaya gaida Baffa a shagonsa na gyaran rediyo da talabijin, nan ƙofar gida. Ta duba rubutun fom ɗin. Ƙanana ne, a kishingiɗe, irin wanda yake yi a 'yar takarda ya manna jikin rediyon mutane.

Ta jera hotunan biyu. Ta daɗe tana kallo.

“Ke 'yar nan, wai yau a tsaye za mu sha shayi?”

Umma ce ta fito daga kicin da faranti.

“Umma, zo ki gani.”

“In otal ne na gani. Na ga gadon, na ga banɗakin, na ga wurin wankan da suka ɗora a kan rufi kamar ƙasa ta ƙare musu. Ba inda za ni.”

“Ba otal ba ne.”

Umma ta ajiye farantin a kan kujera, ta ɗaga tabaraun da ke rataye a wuyanta ta sa. Ta sunkuyo. Malama ba takardar take kallo ba, fuskar uwarta take kallo. Ba ta ga mamaki a ciki ba ko kaɗan.

“Ina kika samo wannan?”

“Makarantar ce ta aiko. Umma, wane ne wannan?”

“Ki mayar da shi inda kika ɗauko.”

“Umma, Baffa ne.”

“Na ce ki ɗauke kafin ya shigo.”

Ba su ankara ba ƙofar falo ta buɗe. Abba ya shigo da sallama, ya naɗe hannun riga, ruwan ban shuka na ɗiga daga yatsunsa. Ya kalli teburin ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

“Uwata, har yanzu kina kan wannan aikin? Dama ina so in gaya miki, gwiwar nan ta sake motsawa. Awa goma sha wani abu a zaune cikin jirgi, anya? Ko a ɗaga zuwa baɗi?”

“Makon jiya ka ce fasfo ne ya ɓata, Abba. Na same shi a aljihun jakarka.”

“Tsufa ne.”

“Kafin nan ka ce damina ce a can.”

“Ai kullum damina ce a can.”

Ta tura masa takardun biyu zuwa bakin tebur.

Ya ɗauki ta farko da jiƙaƙƙen hannu. Ya duba. Ya ajiye ta a hankali, ya jawo kujera ya zauna, ya goge hannuwansa a gwiwa, ya sake gogewa, alhali sun bushe.

“Wa ya ce ki rubuta musu?”

“Ba kowa. So na yi in ba ka mamaki.”

“To kin ba ni.”

Umma ta ce, “Injiniya, bari in kai shayin nan ɗaki, ka huta tukuna.”

“Zauna. Ta riga ta gani.”

Umma ta zauna a hannun kujera. Fanka na ta juyawa a sama, tana ɗaga gefen takardu. Malama ta ɗora kofi a kansu.

“Tambayi abin da za ki tambaya,” in ji shi.

“Wa ya rubuta jarrabawar?”

“Baffanki.”

“Wa ya ci?”

“Shi. Mutum ɗari huɗu da wani abu suka zauna, aka ɗauki shida. Shi ne na biyu. Ni sau biyu ina zama, ko sunana ba ya fitowa a allo.”

“To yaya aka yi kai ka tafi?”

Ya kalli bango, inda satifiket ɗinsa yake rataye cikin gilas tun Malama tana rarrafe.

“Takardar kira ta zo ranar Talata. Ranar Alhamis kakanki ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa ya shanye. Shagon nan shi ke ciyar da mutum tara. Ni ban san kan rediyo ba, ko waya na haɗa sai ta yi ƙauri. Baffanki kuwa tun yana shekara goma sha biyu yake gyara. In ya tafi, gida ya tsaya. In bai tafi ba, gurbi ya faɗi.”

“Sai aka ce kai ka je.”

“Kakarki ce ta ce. Ta zaunar da mu, ta ce kun yi kama, shekara ɗaya ce tsakaninku, wa zai gane? A lokacin ba kwamfuta, ba ɗaukar yatsa. Na kai takardunsa da hotona, aka yi min fasfo.”

“Da sunansa.”

“Da sunansa.”

Malama ta tuna da ajinta. Duk farkon zango, in ta shiga sabon aji, abu na farko da take yi shi ne ta ɗauki alli ta rubuta sunanta da na mahaifinta a allo, ta ja layi a ƙasa. Shekara goma sha ɗaya tana yi.

“Abba, ke nan sunan da ke bayan nawa...”

“Na Baffanki ne.”

“Da na ƙannena? Da takardunmu na makaranta?”

“Duka.”

Ta juya wurin Umma.

“Kin sani?”

“Sai da aka haife ki na sani. Ya dawo daga asibiti da takardar haihuwarki, ya zauna a bakin gado yana kuka. Na zaci wani abu ne ya same ki.”

“Kuma kika yi shiru shekara talatin da biyar?”

“In ce me? In ce wa wa? Da jaririya a hannu?”

Abba ya ɗaga hannu.

“Kada ki ɗora mata. Ni ne. Amma ki sani ban saci kome ba. Ba ni aka yi.”

“Ba ka aka yi, Abba, ko karɓa aka yi daga hannunsa aka ba ka?”

“Ke!” Umma ta daka mata tsawa. “Ki iya bakinki. Ubanki ne.”

“Ka yi haƙuri, Abba. Tambaya nake.”

“Bar ta. Tambayar da nake wa kaina ce.” Ya numfasa. “Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da takardun ya ajiye a gabana, ya koma shago. Ranar da zan tafi shi ya ɗaukar min akwati har tasha.”

Ya miƙa hannu ya ɗauki katin ɗalibin.

“Kin ga yaron nan? Wata uku na farko ko kalma ba ya ganewa. Malami na cika allo da lissafi, ni ina kallon fanka. Sai in kwafe tambayoyin in sa a wasiƙa. Sati uku ta zo, sati uku ta koma. Baffanki ya warware, ya yi min bayani layi-layi, har da zane. A kan teburin gyaran rediyo aka yi rabin satifiket ɗin can. Daga baya kaina ya buɗe, na iya aikin, ba wanda zai ce ban iya ba. Injin da na taɓa bai taɓa dawowa ba. Amma ƙofar da na shiga ba tawa ba ce.”

“Ba a yi maganar in ka dawo ba?”

“An yi. A gaban kakarki na riƙe hannunsa na ce, in na dawo zan zauna a shago ko in sa wani, kai ka tafi karatu duk inda kake so. Na dawo, aka ɗauke ni aiki a tashar jiragen ruwa da sunan da ke takarda. Na ce bari in zauna da gindina tukuna. Sai aure. Na ce baɗi. Sai ke. Na ce baɗi. Kuma da wane suna zai yi karatun? Sakamakon jarrabawarsa duka ina riƙe da su. Wata rana na duba, na ga furfura a kansa.”

“Bai taɓa tuna maka ba?”

“Ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.”

“Dangi fa? Ba wanda ya ce kome?”

“Bayan rasuwar kakanki muka taso muka dawo nan. Tsofaffin da suka sani sun tafi. A unguwar nan ni Injiniya ne, shi Mai Rediyo. Ku kuma Abba da Baffa. Wa ya taɓa tambaya?”

Sai abubuwa suka fara dawo wa Malama ɗaya bayan ɗaya. Layin wayar Baffa da sunanta aka yi masa rajista, ya ce shi layi ne ba ya son bi. Takardar shago da sunan Umma take. Ko asibiti aka kai shi, in an zo rubuta kati sai ya ce kansa na ciwo, wani ya rubuta. Su kuma suna dariya, suna cewa Baffa da biro ba sa ga maciji.

Mutumin da ya zo na biyu cikin ɗari huɗu.

“Shi ya sa ba ka son tafiyar,” ta ce.

“Da a ce da uwarki ne, da zan je. In nuna mata titin da na zauna, mu sha iska mu dawo. Amma ki ce in tsaya a ƙofar makarantar nan, shi yana gefena? Su fito su ce ga tsohon ɗalibinmu, su kira sunan, in amsa, yana tsaye yana ji? Ke kuma ki ɗauke mu hoto?” Ya girgiza kai. “Ba zan iya ba, Uwata. Gara a ce gwiwa ce.”

“Shi kuwa ya fi kowa ɗoki. Ya sayi lema, ya sayi takalmin tafiya. Shekaranjiya ya karɓi tsarin nan ya gyara min, ya ce in muka sauka a tashar da na rubuta sai mun yi tafiyar ƙafa mai nisa, gara ta gaba. Na duba taswira, gaskiyarsa ne. Na ce Baffa ina ka sani? Ya ce karambani ne.”

Umma ta share ido da bakin mayafi.

“Shi ne da ya ce zai je na ce a ba shi kujerata. Kuna ta cewa tsoron jirgi nake. Ina tsoron, amma ba shi kaɗai ba ne.”

Abba ya juyo ya kalle ta.

“Ke ce kika shirya?”

“Na gaji ne, Injiniya. Kullum in aika masa abinci shago, in kasa haɗa ido da shi. Na ce ko ganin wurin ya yi kafin ƙasa ta rufe idon wani a cikinku.”

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tsaya. Fuskarsa ta sauya.

“Uwata. Fasfonsa. Wa ya raka shi ofishin?”

“Shi kaɗai ya je, sati uku ke nan. Na ce in bi shi, ya ce shi ba yaro ba ne.”

“Wa ya cika masa fom?”

“Ya ce zai cika a can.”

“Da wace takarda ya je?”

“Ban tambaya ba, Abba. Na zaci...”

Wayarta ta fara ruri a kan tebur. Mai ofishin tafiye-tafiyen da ke shirya musu tikiti da biza ne. Ta kalli Abba.

“Ɗauka. Ki buɗe murya.”

“Malama, barka da rana. Kina kusa da Baba Injiniya?”

“Yana ji.”

“To, wata 'yar matsala ce. Na aika a karɓo fasfon baffanku yau, aka ce an dakatar. Wai da suka shigar da bayanansa, sai kwamfuta ta nuna akwai mai fasfo da wannan sunan, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, garin haihuwa ɗaya. Da suka buɗe, sai ga hoton Baba.”

Mutumin ya ci gaba.

“Ni dai na ce musu kuskure ne, wa da ƙani ne, wataƙila tsoho ya ɗauki takardar wansa bai lura ba. Amma sun ce sai sun ga su biyun, Litinin ƙarfe goma, kowa da takardar haihuwarsa ta asali. Kuma na Baba ma sun sa masa alama, ba zai yi tafiya ba sai an warware. Malama? Kina ji na?”

“Ina ji. Zan kira ka.”

Ta kashe. Ta ajiye wayar a kan tebur.

Umma ta ce, “Innalillahi. Fanshonka, Injiniya. Takardun yara.”

Abba ƙofa yake kallo.

Sallama aka yi, a hankali, irin ta mai gudun damun mutane. Baffa ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shigo, ƙaurin dalma na bin rigarsa, tabarau a goshi, ya rungumo wani tsohon gwangwanin biskit. Ya ga takardun da ke tebur. Ya ɗauki ta farko, ya sauke tabarau ya duba hoton.

“Ashe suna ajiye kaya,” ya ce. “Ranar nan aron riga na yi.”

“Sun kira ka?” in ji Abba.

“Tun safe, Yaya.”

“Kuskure ka yi?”

“A'a.”

Ya ja kujera ya zauna daura da wansa, ya ɗora gwangwanin a cinya.

“Da na fita daga gidan nan, sunanka na asali na yi niyyar bayarwa, wallahi. Har na maimaita shi a mota. Na yi layi, aka zo kaina. Wata yarinya ce a kan kwamfuta, ba ta kai 'yar nan ba. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, Baba, sunanka? Yaya, shekara talatin da takwas ba wanda ya yi min tambayar nan da biro a hannu ina ni kaɗai. Kafin in yi tunani bakina ya riga ya faɗa. Ta rubuta. Ta juyo min da allon ta ce, haka ne? Na karanta. Na ce haka ne.”

“Takardar haihuwa fa? Ai tana wurina.”

“Kwafi ne a wurinka. Inna ba ta ba ka ta asalin ba.”

Ya buɗe gwangwanin. Ya ɗaga ɗaurin tsofaffin wasiƙu masu bakin ja da shuɗi, ya zaro wata takarda da ta yi ruwan ƙasa, an naɗe ta huɗu. Ya warware ta a kan tebur, a kan tsarin kwana shidan Malama, ya danne gefenta da yatsa saboda fanka.

Abba ya ɗago ya kalli ƙaninsa.

“Ranar Litinin me za ka ce musu?”

“Abin da ya shigo da ni ke nan, Yaya.” Baffa ya tura takardar zuwa tsakiyar tebur, ya janye hannunsa. “Ita ɗaya ce, mu biyu ne. Wa zai shiga da ita?”